Ƙarfen Gashin da Na Ba da Aro

Sharaɗi ɗaya Yaya ta kafa mini ranar da ta kawo mini ɗiyarta riƙo daga ƙauyenmu na wajen Gangara zuwa Gazawa, ni kuwa na karya shi da hannuna. Wannan na sani, ba sai wani ya tuna mini ba. Amma ba ni kaɗai na yi ɓarnar ba, kuma tunda mutanen unguwarmu sun zaɓi su manta da rabon maƙwabciyata a ciki, ni zan faɗa.

Yarinyar tana da shekara goma sha biyu a lokacin, ta ci jarrabawar shiga kolej, makarantar gaba da firamare, ƙauyenmu kuwa babu kolej. Ni shekarata goma sha ɗaya da aure Allah bai ba ni haihuwa ba. Daga ni sai keken ɗinkina, sai maigidana da ke fita kasuwa da safe ya dawo da magariba. Yaya ta zaunar da yarinyar kan tabarma, ta dube ni, ita ba ta dube ta ba, ta ce, "Ga ta nan. Cinta da shanta da karatunta, har dukanta in ta yi laifi, duk naki ne. Amma kanta kada ki taɓa. Ni zan riƙa zuwa ina yi mata kitso. Ran da wani hannu ya shiga kan nan, ran nan zan ɗauke abata."

Na yi dariya na ce, "Haba Yaya, kai ne ko rumbun hatsi?" Ita ba ta yi dariya ba.

Yarinyar 'yar fari ce gare ta, mu kuwa a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Yaya ba ta kiran sunanta, sai "waccan" ko "yarinyar nan". Ba ta rungumarta, ba ta hira da ita gaban mutane, ko zazzaɓi take yi sai dai ta aiko wani ya duba mata. Kitso ne kaɗai ya ba ta hanya. Sai ta ce wai duk Gazawa babu makitsiyar da ta iya irin wannan gashi, za su tsinka shi a banza, dole ita ta yi. Kowa ya san hujja ce kawai, kowa ya yi kamar bai sani ba.

Gashin kuwa abin a tsare ne. Kakanninmu daga arewa suka gangaro bayan dabbobi, suka gaji da yawo suka kama hauya. Dabbobin sun tafi, harshen ma ya tafi, abin da ya rage mana gashi ne, shi ma ba kowa ya samu ba. Ni ban samu ba, nawa guntu ne mai taurin kai kamar mai shi. Ɗiyar Yaya ita ta kwashe duka. Baƙi wuluk, mai laushi, a nannaɗe ƙanana-ƙanana. In an tsefe shi sai ya cika kafaɗunta ya tsaya nan, in ka ja silin ɗaya sai ya yi ta zuwa, ka sake shi ya koma.

Duk kasuwa biyu, wato sati biyu, Yaya takan hau kabu-kabu ta zo, da gwangwanin man shanu da ƙullin karkashi na wanke kai. Yarinyar takan tsefe kitsonta da kanta tun ana gobe Yaya za ta zo. Yaya ta sa ta tsakanin ƙafafunta a inuwar ɗakin girki, ta yi ta mita. "Wannan kai ya cika datti. Wannan kai ba a ɗaure shi da dare." Baki na faɗa, hannu na shafa. Kitson da zai ƙare kafin azahar sai ta ja shi har la'asar. Ina kan keke ina kallonsu ta taga.

Shekara biyu da rabi muka yi a haka. Yarinyar ta zama tawa. Inna take ce mini. Ita ke zura mini zare a allura in idona ya gaji, ita ke karanta mini takardun lakol, wato makaranta, tana gyara mini faransancina da ya tsufa tana dariya. Gidan da a dā in cokali ya faɗi sai an ji, ya koma gidan da ake cewa a rage surutu. Ban san ina jin yunwar haka ba sai da na ƙoshi.

Sai ƙanen maigidana mai fatauci ya dawo daga Katsina ya kawo mini tsaraba: ƙarfen miƙar da gashi, na lantarki. Baki biyu gare shi kamar awartaki, cikin kowane baki da faranti baƙi mai santsi. A jona shi ya yi zafi, a kama gashi a tsakani a ja, gashin ya fito a miƙe. Da ya sha ruwa kuma ya koma yadda Allah ya yi shi. Na gwada a guntun nawa, ya kwanta luf, na fita tsakar gida ba ɗankwali ina yanga. Ashe ta saman katanga an gan ni.

A unguwarmu ba a hana aro. Turmi, tsani, dutsen guga, babbar tukunya, duk suna yawo gida-gida, wanda ya hana kuwa sai an yi shekara ana ba da labarinsa a wurin suna. Maƙwabciyata ta bayan katanga, mai soya gyaɗa tana ƙullawa a leda ana kai mata tasha, ta shigo da sallamarta mai zaƙi. Ta ce ƙanwarta za ta biki garin Cadakori, tana son ta gyara kai, in taimaka. Na ɗauko na ba ta har da kwalinsa. Na nuna mata inda ake kunnawa, na ce kai ya zama wankakke busasshe. Ta ce, "Wallahi kamar ƙwai zan riƙe shi."

Kwana tara yana wurinta. Biki ɗaya, kwana tara! Da ta tashi mayarwa ta aiko shi cikin kwalinsa a naɗe da kyau, da ledar gyaɗa biyar na godiya. Ni sakarya har na ɗaga ledar ina yabawa. A dā da harshen kyandir take like bakin ledojinta, su fito a ƙone a murɗe. Waɗannan kuwa a like suke tsaf, layi ɗaya miƙaƙƙe. Na ce wa yarinyar, "Kin ga maƙwabciya ta iya aiki yanzu." Muka cinye gyaɗar, na jefa kwalin saman kabad ban buɗe ba.

A kolej 'yan ajinsu sun sa ta gaba. Wai gashinta ba tsawo gare shi ba, yawa ne kawai, wasu ma suka ce ƙari ake yi mata a kitso. Ta dawo ta ce, "Inna, sau ɗaya tak. Mu ga inda ya kai, mu ɗauki hoto a waya, in wanke." Na ce a'a. Ta sake, na ce ta fita idona. Na ukun na sassauto, don gaskiyar magana ni ma ina son in gani. Shekara biyu da rabi ina kallon gashin nan daga nesa, ina ciyar da mai shi, ina tashi da ita in ba ta da lafiya, amma ban isa in sa yatsa a ciki ba. Abin yana cina, ban dai taɓa faɗa ba.

Muka shirya dabara. Ana gobe Yaya za ta zo, dama ranar yarinyar ke tsifa. Ta tsefe, in miƙar, mu gani, ta zuba ruwa ya nannaɗe, gobe Yaya ta tarar da shi yadda ta saba. Wa zai sani?

Bayan azahar ne, akwai wuta. Wutar Gazawa kuwa ba ta da alkawari, don haka na ce mu yi sauri kafin a ɗauke. Ta zauna kan 'yar kujera cikin ɗaki, na jona ƙarfen, ban duba cikin bakinsa ba. Me zan duba? Baƙi ne, ɗakin ba haske sosai, kuma abina ne da na sani. Na fara daga ƙeya. Na kama, na ja. Hayaƙi ya ɗan tashi, na ce sauran man shanun Yaya ne. Wani wari ya biyo, na ce shi ne dai. Gashin ya fito a miƙe yana sheƙi, sheƙin da ban taɓa gani a kan ɗan Adam ba. Ya sauka, ya wuce kafaɗa, ya wuce tsakiyar baya.

"Inna, ina ya kai?"

Na ce, "Ke, ya taɓa ƙugu!"

Ta yi ihun murna, ni ma na yi. Na ƙara sauri, na kama na ja, na kama na ja. Wani wurin ƙarfen ya ɗan riƙe, sai na danna na ja da ƙarfi. Na gama ƙeya, na hau gefen hagu har kusa da tsakar kai. Sai ta miƙa hannu baya don ta taɓa na farkon da ya huce.

"Inna, ya yi tauri."

Na taɓa. Innalillahi! Ba gashi na taɓa ba, tsintsiya ce. Silin ya manne da silin, sun zama falle-falle, in ka lanƙwasa ka ji ƙas. Na zare ƙarfen na fita da shi rana na buɗe bakinsa. Gefen farantan duk wani danƙo ne fari-fari ya narke yana kumfa, a can lungu kuwa ga ɗan jan ɓawon gyaɗa ya manne. Nan take na tuna bakin ledojin nan da na yaba. Kwana tara matar nan tana like ledar gyaɗa da ƙarfen gashina, ni kuma na kwashe ledar na shafe wa ɗiyar mutane a kai.

Babu abin da ban gwada ba. Ruwan ɗumi da sabulu, man gyaɗa, karkashi, har kananzir na shafa. Yarinyar ta sunkuya kan bokiti tana hawaye ba sauti, ina tsefewa da allurar ɗinki, silin da na ɓamɓaro sai ya tsinke a hannuna. Gefen dama da ban kai ba ya sha ruwa ya nannaɗe abinsa. Ƙeya da hagu suka tsaya a sandare.

Na yafa mayafi na ɗauki ƙarfen na shiga gidan maƙwabciya, ko sallama ban tsaya an amsa ba. Na same ta gaban faranti tana ƙulla gyaɗa, ta koma kyandir ɗinta. Na ɗora mata ƙarfen a gaba na ce, "Me kika yi da shi?"

Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Au, wai wannan? Ai ƙanwar tawa ta fasa zuwa bikin. Na ga yana zaune banza, na ce bari in gwada. Kuma wallahi ya fi kyandir nesa ba kusa ba. Na goge shi da tsumma fa kafin in mayar."

Ta goge shi da tsumma! Na ce, "Ki zo ki ga kan yarinya." Ta biyo ni tana jan takalmi, ta leƙa, ta ce, "Assha. To ai gashi ne, ba ido ba. Zai fito."

A nan na manta da tarbiyyar da aka yi mini. Na faɗa mata abin da ya zo bakina, da wanda bai kamata ya zo ba. Mata suka cika gidan. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, ni aka taru ana ba baki. "Ki yi haƙuri, ba da gangan ta yi ba." "Ke ma da kin duba." "Abu mai zafi ai duk ɗaya ne, ina ta san bambanci?" Wata tsohuwa har cewa ta yi dama me ya kai ni guge kan yarinya kamar riga. Babu ko ɗaya da ta juya ta ce da mai gyaɗa, ke, ƙarya kika yi kika ari abu, kika ɓata shi, kika naɗe a kwali kika yi shiru. Da mai gyaɗar ta ce mini kalma ɗaya ranar da ta mayar da ƙarfen, kalma ɗaya tak, da na kankare shi ko na jefar. Maigidana ya dawo ya ji, ya ce maƙwabtaka ta fi gashi, a bar maganar. Na ce masa shi da yake aske nasa duk Juma'a ai dole ya ce haka.

Da aka watse yarinyar ta matso kusa da ni, ta ɗaure kai da ɗankwali biyu. Ta ce, "Inna, mu ce ni na ɗauka na yi da kaina ba kya nan. Ni za ta yi wa faɗa, ba za ta ɗauke ni ba." Na so in yarda, Allah ya sani na so. Amma na ce a'a, na riga na ci amana ɗaya, ba zan ɗora ƙarya a kai ba, kuma ba zan sa ta yi wa uwarta ƙarya saboda ni ba.

Washegari da hantsi na ji tsayuwar kabu-kabu. Yaya ta shigo da gwangwaninta da ƙullinta, muka gaisa, ta tambayi maigida, ta sha ruwa. Ta shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakin girki ta ce, "Ina waccan?" Na durƙusa gabanta, abin da rabona da yi tun ina budurwa, na faɗa mata duka tun daga tsaraba har kananzir. Ba ta katse ni ba. Yarinyar ta fito ta zauna tsakanin ƙafafunta. Yaya ta kwance ɗankwali na farko, ta kwance na biyu. Ta ɗora tafin hannu kan ƙeyar, ta bi falle-fallen nan da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ƙarshensu a ƙugu. Ta daɗe a wurin.

Ta ce, "Ba ni almakashi."

Na ɗauko na ɗinkina. Da hannunta ta yanke, a hankali, tana raba mai rai da matacce, tana tara abin da ta yanke a kan cinyarta kada ko sili ya taɓa ƙasa. Da ta ga gefe ɗaya ba zai zauna shi kaɗai ba, ta yanke na daman ma, lafiyayyen, wanda babu abin da ya same shi. Shi ne na kasa kallo. Idonta a bushe, domin uwa ba ta kuka kan 'yar fari gaban mutane, ko da mutanen ƙanwarta ce.

Ana cikin haka sai ga mai gyaɗa da sallama, wai ta zo ba da haƙuri. Ta tsuguna ta ce tsautsayi ne, kuma gashin yara da saurin fita. Yaya ta ce mata, "Ba komai, Allah ya kiyaye gaba." Ba komai! Matar ta tashi da sauƙin rai, ta fita tana gyara zane, an yafe mata cikin numfashi ɗaya. Na ji kamar in bi ta da muciya. Amma na gane Yaya ba ta ba ta amanar komai ba, ni ta ba.

Ta ƙulle gashin a bakin zanenta. Ta shafa wa guntun da ya rage man shanu, babu abin kitsawa. Sannan ta dube ni ta ce, "Cikinta abincinki ne. Bakinta yaren lakol ne, rabin abin da take faɗa ba na ji. Inna ma ke take kira. Ban yi miki rowar ko ɗaya ba. Wannan kaɗai na rage wa kaina, shi ma sai da kika sa hannu."

Na buɗe baki in ce leda ce, maƙwabciya ce, da ba don ita ba da ruwa ya mayar da shi ba ki ma sani ba. Sai na ji yadda maganar za ta fito, na rufe bakina.

Yaya ta juya wajen yarinyar ta kira sunanta. Sunanta na yanka, a gabana, karo na farko tun ranar da aka raɗa mata shi. Ta ce ta tashi ta haɗa kayanta.

Ba ta cire ta daga karatu ba, Yaya ba azzaluma ba ce. Gidan baffanta da ke garin Agye ta kai ta, a can ta ƙare kolej, ta ci jarrabawarta. Na aika da dattawa sau biyu a ba Yaya haƙuri, ta ce ta haƙura tuni, zumunci yana nan, amma riƙo ya ƙare. Mai gyaɗa kuwa tana nan bayan katangata, muna gaisawa don an ce dole. Kwanakin baya ta aiko aron tsani, maigidana ya ba ta.

Bayan shekara huɗu aka yi suna a ƙauye, na ɗan ƙanenmu. Yarinyar ta zo daga Maraɗi inda take karatu, ta zama budurwa, ta fi ni tsawo. Ta rungume ni tana "Inna, Inna", ta zauna kusa da ni kan tabarma cikin mata, muna cin tuwo kwano ɗaya tana ba ni labarin malamansu. Gashin ya fito, gaskiyarsu, na ga tudun kitso ƙarƙashin ɗankwali. Tana cikin dariya ɗankwalin ya zame baya. Ban yi tunanin komai ba, na ɗaga hannu in gyara mata. Kafin in kai ta kauce da kanta, hannunta ya tashi ya dafe wurin. Ba da niyya ta yi ba, jikinta ne ya yi. Ta lura, kunya ta kama ta, ta yi murmushi ta ce, "Bar shi, Inna, zan gyara."

Na ce to. Na mayar da hannuna kan cinyata, ta ɗaure ɗankwalinta da kanta.